Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Kebbi da Hukumomin Jiragen Sama Kan Yanayi da Ƙananan Jirage

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,

Kwafi ga shugabannin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, da Hukumar Kula da Sararin Samaniya, NAMA, da Hukumar Hasashen Yanayi, NiMet.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, mu masu wannan takarda 'yan jihar nan ne da abincinmu ke jikin jirgin sama. A cikinmu akwai matuƙa, akwai injiniyoyi masu gyara, akwai masu duba yanayi. Ba manyan jiragen da ke kwasar alhazai daga filin Sir Ahmadu Bello na Ambursa ne suka sa muka ɗauki alƙalami ba. Waɗancan matuƙansu biyu, suna da na'urar hango hadari a hanci, kuma kafin rabin awa sun haye ƙafa 30,000 sun baro ƙura da galibin gajimare a ƙasa. Ƙananan su ne damuwarmu: jirgin feshin da ake kawowa idan jan baki ya faɗa wa shinkafa a fadamun Argungu da Suru da Bagudo, da 'yan jiragen shata masu ɗaukar mutum huɗu zuwa goma sha biyu, da masu saukar ungulu da ke kai manya wurin taro, ko bikin kamun kifi, ko gangamin siyasa.

Roƙonmu ɗaya ne, sauran duk bayaninsa ne. A rubuta iyakar yanayin da ba a tashi a cikinsa, a sa ta cikin kowace yarjejeniyar hayar jirgi da gwamnati za ta sa wa hannu, a samar da ma'aunin da zai nuna an kai iyakar, sannan idan matuƙi ya ce yau ba ya tashi, maganarsa ta zauna.

Ƙaramin jirgi a cikin yanayi yake tafiya, ba ya haye shi. Yawanci ƙasa da ƙafa 10,000 yake, kuma sau da yawa da ido ake tuƙa shi: matuƙi na duban gulbi da kwalta da duwatsu, yana kuma duban inda sama ta haɗu da ƙasa don ya san fukafukansa a daidaice suke. Dokar tuƙi da ido ta ƙasa da ƙasa ta ce a wannan tsayi nisan gani ya kai kilomita 5, jirgi ya nisanci gajimare da mita 1,500 ta gefe, da mita 300 ta sama ko ta ƙasa. Wanda ya san Birnin Kebbi a watan Janairu ya san akwai ranakun da kilomita 5 ɗin nan sai dai a labari.

Don haka mu fara da hunturu, shi ya fi yaudara. Hadari ana ganinsa a ji tsoro. Hazo kuwa, wanda mutanenmu ke ce wa buda, ba gajimare ba tsawa, babu abin da zai ce maka dakata. Ƙurar daga kwarin Bodele na arewacin Cadi take tasowa, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta, shi ya sa masu hasashe ke sa ido kan rahoton garin Faya-Largeau: in ta tashi can, a saurare ta nan bayan kwana ɗaya ko biyu. Daga Nuwamba zuwa Maris, nisan gani na iya faɗowa daga kilomita 10 zuwa ƙasa da mita 1,000 tsakanin hantsi da azahar. Jirgin da ke gudun kilomita 180 a awa yana cin mita 50 a kowace daƙiƙa. Ke nan in gani ya tsaya a mita 1,000, daga hango abu zuwa isa gare shi daƙiƙa 20 ce, in ma an hango shi da wuri, don ƙarfen sadarwa mai launin toka ba ya fitowa a cikin hazo sai an zo kansa.

Ga inda ƙwararru ma ke ruɗuwa. Matuƙi na sama, ya leƙa ƙasa a tsaye, ga gonaki, ga hanyar Jega, ga rufin kwano na ƙyalli, sai ya ce ai ana gani. Ƙurar da idonsa ya ratsa a tsaye ba ta wuce kaurin shimfiɗarta ba. Da ya sunkuyar da hancin jirgi zai sauka, duban ya koma na gaba, ta cikin ƙurar kilomita uku ko huɗu, sai titin ya ɓace ɓat. In da la'asar ne kuma yana fuskantar yamma, rana ta bugi ƙurar, gilashin gaba ya koma kamar an watsa masa koko.

Abin da ke biyo baya ba a jikin injin yake ba, a cikin kunnen matuƙi yake. Akwai wasu 'yan magudanai uku masu ruwa can cikin kunne, su ke gaya wa mutum ya karkata ko yana tsaye. Idan jirgi ya soma karkata a hankali, ba sa ji. Idan kuma ya ɗauki kamar daƙiƙa 20 yana kwana iri ɗaya, ruwan ya natsu, sai jiki ya ce an miƙe. Matuƙin da ba ya ganin bakin sama zai rantse jirginsa a daidaice yake, alhali fiffike ɗaya na ƙasa. Can sai ya ga ma'aunin tsayi na sauka, ya ja sitiyari baya don ya hau, jan kuwa sai ya ƙara matse kwanar, jirgi ya riƙa murɗawa yana ƙara gudu har ƙasa. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'urori ba, aka tsare musu ganin waje. Dukansu jirgin ya kuɓuce musu, kuma matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 178 ne, ko minti uku bai cika ba. Maganin abin sananne ne: mutum ya ƙaryata jikinsa ya gaskata na'urar da ke nuna zaman fukafukai, ya yi kwana a hankali ya koma inda ya fito. Amma wannan sai wanda ya koya kuma yake maimaitawa. Shi ya sa muke roƙon daga Nuwamba zuwa Maris kada gwamnati ta ɗauki hayar jirgin fasinja sai mai cikakkun na'urorin tuƙi ba da ido ba, da matuƙi mai shaidar wannan tuƙi wadda wa'adinta bai ƙare ba. A duba takardar da ido, kada a tsaya ga faɗar kamfani. Manyan jirage ma hazo bai ƙyale su ba: ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 ya faɗi wurin sauka a Kano cikin hazo da iska, mutum 176 suka rasu.

Akwai wani ɗan abu da ke tafiya tare da hazo. Ma'aunin tsayi nauyin iska yake aunawa, sai matuƙi ya murɗa masa lambar nauyin iskar wurin da zai sauka kafin ya faɗi gaskiya. Da miliba ake ƙirga nauyin iska, kuma kuskuren miliba ɗaya kusan ƙafa 30 ne. Wanda ya taso da lambar wani gari ya iso inda ta ragu da miliba 5, bai samu mai gaya masa ba, yana ƙasa da abin da allonsa ke nunawa da kusan ƙafa 150. Tsawon ƙarfen sadarwa ke nan. A Ambursa hasumiyar kula da jirage za ta ba shi lambar. A filin ƙwallon wata makaranta a ƙasar Zuru, inda ga duwatsu, wa zai ba shi?

Hunturu na wucewa sai bazara, ita kuma ta lissafi ce. Iska mai zafi sakayau take, injin na shaƙar kaɗan, farfela na kamun kaɗan, fiffike na ɗaukar kaɗan. Matuƙa na lissafa wannan da ƙa'ida mai sauƙi: kowane digiri ɗaya da zafi ya ɗara ma'aunin da aka gina littafin jirgi a kai, a ƙara ƙafa 120 kan tsayin fili. Birnin Kebbi na wajen ƙafa 800 daga teku, inda ma'aunin ya ce zafi ya zama kamar digiri 13. Ranar Afrilu da ta kai digiri 42, rarar ta kusa 29, a ninka da 120, a ɗora kan 800, an haura ƙafa 4,200. Wato a wurin jirgi, kamar an ɗauke filin an kai shi Jos. Injin fistan marar abin hura iska yana asarar kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, ka ga fiye da kashi ɗaya cikin goma ya tafi tun ba a motsa ba.

Titin Ambursa dogo ne, zai haɗiye wannan. Matsalar tana gajerun filayen ƙasa da jirgin feshi ke tashi. Hukumar jiragen sama ta Ingila ta wallafa wa matuƙan ƙananan jirage wani lissafi da muke ganin ya kamata kowane jami'in aikin gona mai kula da feshi ya sani. Ƙarin zafi na digiri 10 yana ƙara nisan tashi da kashi 10. Ƙarin tsayin fili na ƙafa 1,000, kashi 10. Ƙarin kaya na kashi 10, kashi 20. Ƙasa mai laushi, kashi 25 ko fiye. Kuma ninka su ake yi, ba tarawa ba. Ɗauki jirgin da littafinsa ya ce mita 500 sun ishe shi ya tashi ya haye abu mai tsawon ƙafa 50. Zafin digiri 42 ya mai da shi 650. Tsayin garinmu ya kai shi 700. Yashi ya kai shi kusan 880. A ɗora rarar tsaro ta kashi 33, ana neman kusan mita 1,170. Filin mita 800 da ya isa da asubahin Disamba, da azahar ɗin Afrilu tarko ne, balle in akwai giginya ko kuka a ƙarshensa. Abin yi ba shi da tsada: a tashi kafin ƙarfe goma na safe ko bayan la'asar, a rage kaya, a tuna kowace lita 100 ta man fetur ɗin jirgi kilo 72 ce, a kafa alama a tsakiyar fili. In an zo alamar gudun bai kai kashi 70 na gudun tashi ba, a janye wuta a taka birki. Sai a kula da 'yar guguwar tsakar rana mai kwashe leda da kara. Yara na bin ta da gudu, amma in ta shiga ƙarƙashin fiffike ɗaya lokacin sauka, tana iya kifar da ƙaramin jirgi.

Damina, ranka ya daɗe, ita muka riga muka biya wa farashi mai tsada. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zai zo Sakkwato ana cikin hadari. Bai yi nisa ba iska ta juya masa, ya faɗi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu da rahama. Boeing 737 ne mai injin biyu. Ranar 21 ga Mayu 2021 kuma ƙaramin jirgin soja ƙirar King Air ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a Kaduna cikin mummunan yanayi, Babban Hafsan Sojin Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da mutum 10 suka rasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Hadarin ƙasarmu daga gabas yake zuwa, sau da yawa a jere kamar bango mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa. Wanda aka hango a nisan kilomita 30, nan da rabin awa yana kanka. Kafin ruwan ma iskarsa ta riga shi, wannan mai sanyi da ke tada jar ƙura tana ɗage kwanon rufi, tana iya gabatarsa da kilomita 20. Abin da ya fi kisa shi ne iskar da ke zubowa daga cikin hadarin a tsaye, kamar an kifar da tulu, ta bugi ƙasa ta watsu ko'ina. Faɗinta bai cika wuce kilomita 4 ba, ba ta wuce minti 15, amma saukarta na iya kai ƙafa 6,000 a minti. Jirgi irin Cessna 172, da dukan ƙarfinsa a rana mai sanyi, hawan da yake yi bai wuce ƙafa 700 da 'yan kai a minti ba. Ba a ja da wannan.

Yadda take kamu ma yaudara ce. Jirgi mai shirin sauka yana fara shiga gefenta, iska ta bugo shi ta gaba, gudunsa ya ƙaru a allo, ya ɗaga sama da hanyarsa. Matuƙi ya rage wuta. Daƙiƙu kaɗan ya shiga tsakiya, ta danna shi ƙasa. Yana fitowa ɗaya gefen, iskar ta koma bayansa, gudun da ke riƙe fiffike ya zube, ga injin a rage, ga ƙasa kusa. Ƙarin gudun nan na farko shi ne gargaɗi, a nan ake ba da wuta duka a fasa sauka. Kuma ba sai ana sheƙa ruwa ba. A farkon damina, Mayu zuwa Yuni, za ka ga ruwa na zubowa daga gajimare kamar gashin doki ya ƙafe kafin ya taɓa ƙasa, ƙarƙashinsa ƙura na tashi a zobe. Iskar nan ce mai zubowa. Shawarar da aka daɗe ana ba matuƙa ita ce a bar tazarar kilomita 37 tsakanin jirgi da babban hadari, kada a bi ta ƙarƙashinsa, kada a yi tseren sauka da shi. A namu ra'ayin, in an ji tsawa a fili, a kashe injin, a ɗaure jirgi da igiya a fukafukai da wutsiya, a sa wa tayoyi waigi, a sha shayi har ya wuce. Iskar gefe ma tana da iyaka: a Cessna 172 abin da aka gwada shi ne kusan kilomita 28 a awa, daidai ƙarfin da ke miƙar da tutar iska, zanen nan mai kama da hannun riga da ake ratayewa a sanda, ta tsaya a kwance.

Damina na da wasu ƙananan makirce-makirce da injiniyoyi suka fi sani. Mutum zai yi dariya in aka ce ƙanƙara na kashe injin a Yauri, amma haka ne. A maƙogwaron kafireta iska na matsewa, mai na ƙafewa, zafi na faɗuwa da digiri 20 ko fiye, sai danshi ya daskare ya toshe hanya. Yana faruwa ko da zafin waje ya kai digiri 30, in iska na da laima, irin ta safiya a bakin Neja, musamman in an rage wuta za a sauka. Alamarsa juyin injin ya riƙa raguwa a hankali, sannan ya soma tari. Akwai maɓallin da ke tura iska mai zafi cikin kafireta, a ja shi duka, injin zai ƙara tari na ɗan lokaci yana haɗiyar ruwan, kada a tsorata a mayar. Sai ruwa a tanki: tankin da aka bari rabi da dare yana zufa, murfin da robarsa ta tsufa yana shan ruwan sama, durom ɗin da aka ajiye a tsaye a fili ruwa na taruwa a kansa ya tsotse ta murfi. A kwantar da durom a gefensa, a tsiyayi mai daga ƙasan kowane tanki cikin kwalba kafin tashin farko da bayan kowane shan mai. Fetur ɗin jirgi shuɗi ne, ruwa zai kwanta ƙarƙashinsa kamar ƙwallo. Sannan zanzaro. Ɗan bututun da ke auna gudun jirgi, ramin da zanzaro ya fi so ke nan, yini biyu sun ishe shi ya cika shi da laka. A rufe bakinsa duk lokacin da jirgi ya kwana, a cire murfin kafin tashi. A hunturu kuma matatar iskar injin, ba a jiran awannin da littafi ya faɗa, a duba ta kullum.

Jirgi mai saukar ungulu nasa haɗarin daban ne, kuma shi ya fi shafar ofishinka kai tsaye, don jami'an gwamnati ke zaɓar masa wurin sauka. Ranar 2 ga Fabrairu 2019 jirgin da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya kife wurin sauka a Kabba ta Jihar Kogi. Allah ya kiyaye, kowa ya fita da rai. Masu bincike suka ce ƙurar da farfelar jirgin ta tayar ce ta rufe wa matuƙan ido dab da ƙasa. Filin makaranta a rani, busasshe, dubban ƙafafu sun niƙe shi ya zama gari, da jirgi ya sauko iskarsa ta ɗaga garin ta zagayo da shi ta cikin farfela, waje ya zama ja. Matuƙi ba ya jin jirgin na zamewa gefe, ƙafa ɗaya ta taɓa ƙasa, sai ya wuntsila. Maganinsa tankar ruwa. A jiƙa filin sosai kafin isowa, ya yi danshi ba laka ba, a sake yayyafawa in an yi jinkiri. A nisantar da rumfuna da kujerun roba da allunan hotunan 'yan takara, don tamfol ɗaya ya isa ya naɗe farfelar wutsiya. A tsayar da jama'a nesa, mu dai mita 100 muke ba da shawara, a sa tutar iska ko a tada ɗan hayaƙi can gefe, a aika wa matuƙi hoton wurin da duk wayar lantarki da ke kewaye tun jiya. Aikin mutum ɗaya ne da aka horar a ofishin tsare-tsaren tafiye-tafiye, ba na shugaban matasan jam'iyya ba.

Feshin jan baki ya tara kusan duk abin da muka lissafa a jirgi ɗaya. Tsuntsun ba a samunsa sai ya dawo makwanci, don haka aikin na magariba ne, ƙasa-ƙasa, kan fadama, da tanki cike. A ƙasarmu rana na faɗuwa, minti ashirin da 'yan kai duhu ya shiga. Ga babban layin wutar da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, ga wanda ya wuce zuwa Yamai, waya kuwa ba a ganinta da magariba, turakunta ake nema. Manomi na kuka, da gaskiyarsa, garke ɗaya na iya share gona kafin a ankara, sai a matsa wa matuƙi ya tashi ko hadari na haɗuwa a gabas. Rahoton binciken faɗuwar jirgin Cessna 208 na tsohon Gwamnan Taraba, marigayi Danbaba Suntai, kusa da Yola ranar 25 ga Oktoba 2012, ya ambaci tuƙi da ido bayan faɗuwar rana cikin abubuwan da suka taimaka. Muna roƙon kowane aikin feshi ya fara da zagayen makwancin da rana, a sa wayoyi da ƙarafa a taswira, a lissafa lokacin dawowa daga faɗuwar rana a yi baya, a tabbatar fitilun titi na kunne, man da zai rage bayan sauka kuma ya kai na minti 45 in dawowar za ta shiga dare. Iska in ta yi ƙarfi, a fasa, don maganin guba ne, zai tafi kan ƙauye ko gulbin da masunta ke ci. A kuma yi shela kada kowa ya tsinci tsuntsayen da suka faɗi ya kai kasuwa.

Duk waɗannan matuƙa sun san su tun a makaranta, ko a Zariya suka yi ko a waje. Abin da ba a koya musu shi ne yadda za su ce a'a ga mai babbar riga. Babba na zaune a ɗakin baƙi, hadimai na kai da komo da waya a kunne, an ce Sarki na jira, jama'a sun taru tun safe, kamfani kuma ba za a biya shi ba sai an tashi. Yaro ɗan shekara talatin da ke neman cika awannin tuƙinsa, shi kaɗai ake so ya tsaya gaban wannan. Doka ta ba shi ikon, amma tsarin biyan kuɗi ya ƙwace. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, a nan kuwa maganar ba karin magana ba ce. Mun yi imani da ƙaddara kamar kowa, addinin da ya koya mana ita shi ya ce a ɗaure raƙumi. Gyaran a takarda yake: yarjejeniya ta ce in an fasa tashi saboda yanayi, za a biya kamfani kuɗin jira, ba za a ci shi tara ba, ba za a nemi a canza matuƙi ba. Kowace tafiya ta jirgi a tanadar mata motoci a shirye da lokacin da za a yanke shawara, misali awa uku kafin taro, don in an ce a'a a kama hanya ba tare da kunya ba. Kai kanka, ranka ya daɗe, in aka ji sau ɗaya ka ce matuƙi ya yi daidai, ka shiga mota, babu kwamishinan da zai sake tsawata wa wani matuƙi a jihar nan.

Ga NiMet da NAMA kuma: rahoton da ake fitarwa a filin jirgi, yanayin filin jirgi yake faɗa. Daga Ambursa zuwa Yauri ko Zuru tafiya ce mai nisa, kuma ƙananan jirage can suke zuwa. Muna roƙon a haɗa hannu da jiha a kafa na'urorin auna yanayi masu sarrafa kansu, masu aiki da hasken rana, a Yauri da Zuru da Argungu da Kamba, rahotonsu ya riƙa isa hasumiya da wayar matuƙi. Kafin kuɗin wannan ya samu, akwai hanyar da masu duba yanayi suka daɗe suna bi. A horar da mutum biyu a kowane wurin sauka, a auna musu nisan abubuwan da ke tsaye: hasumiyar masallacin Juma'a mita kaza, tankin ruwa kilomita kaza, ƙarfen sadarwa na bayan gari kilomita 5. A ba su ma'aunin iska na hannu, da na zafi, da na nauyin iska, da katin waya. Awa ɗaya kafin tashi, da kuma lokacin tashi, su faɗi abin da suke gani da wanda ya ɓace, da inda iska ta fito, da ko gabas ta haɗe. In ƙarfen bayan gari ba ya ganuwa, mai tuƙi da ido ba shi da abin yi a can. NCAA kuma ta riƙa aiko masu duba jirage ba sanarwa a lokacin feshi da lokacin kamfe, lokacin da jiragen haya ke yawaita.

Saura abin da za a yi in abin ya faru. Kowane ƙaramin jirgi ya bar takardar tafiyarsa a hasumiya, da hanyar da zai bi, da yawan mutanen ciki, da man awa nawa ya sha. A tabbatar na'urar kiran agaji mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam a kan zangon megahaz 406 tana jikinsa, an yi mata rajista, batirinta bai mutu ba. Ƙa'ida ta ce in jirgi ya wuce lokacin isowarsa da minti 30 ba labari, an shiga matakin farko na nema. A wannan minti hasumiya na bukatar lambar hukumar agajin gaggawa ta jiha, da ta asibitin da ya fi kusa, da ta hakiman da ke kan hanyar, don a fadamar Suru ko tsibiran Yauri, masunci da kwalekwalensa zai riga motar kashe gobara isa. A haɗa wannan jerin lambobi, a liƙa shi a bangon hasumiya, a gwada kiransu sau ɗaya kafin hunturu, sau ɗaya kafin damina.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare matafiyanmu na sama da na ƙasa.

Wassalam.

Daga wasu matuƙa, injiniyoyin jirgi da masu duba yanayi, 'yan asalin Jihar Kebbi.